Umaru Dembo, marubucin da ya ɗora Hausa a kan kumbo

  Wannan makon za mu ɗan jingine maganar tsadar dala da wahalar kan iyaka, mu yi hira a kan wani marubuci da wani ɗan littafi nasa. Kada wani ya ce yau mai shafin nan ya saki hanya. Maganar ta shafi 'ya'yanmu kai tsaye, ta shafi irin kayan da za su sayar, ko su ƙera da hannunsu, bayan mun kau.

Sunan marubucin Umaru Dembo, sunan littafin kuma Tauraruwa Mai Wutsiya. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ne ya fitar da shi a shekarar 1969, kuma masu nazarin adabin Hausa suna ɗaukarsa a matsayin na farko a harshenmu cikin irin labaran da ake kira ƙagaggen labarin kimiyya. Ba shi da wani kauri, mai saurin karatu zai gama shi a zama ɗaya ko biyu. Labarin wani yaro ne mai suna Kilba, wanda ya gamu da wani baƙo daga sararin samaniya ana ce masa Kolin Koliyo. Baƙon ya ɗauke shi a cikin abin hawansa suka yi sama, yaron ya ga abubuwan da ko a mafarki mutanen garinsu ba su taɓa gani ba.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne sabo a nan? Ai mun saba da labarin wanda aka ɗauke aka kai wata duniya. Gaskiya ne, mun saba. A gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma a cikin duka biyun jarumin labari yana shiga hurumin aljanu, da taimakonsu yake kaiwa inda ƙafa ba ta kaiwa. Haka tatsuniyoyin da iyayenmu mata suka yi mana suke, tsuntsu ya ɗauki mutum, ko zobe ya yi magana, ko ƙasa ta tsage a shiga. Abin da Dembo ya canza shi ne abin hawan. Ya ajiye aljani, ya kawo inji.

Wannan ɗan canjin ba ƙarami ba ne idan ka duba abin da yake sa wa a kan yaro. Idan aljani ne ya kai mutum sama, yaro zai buɗe baki ya yi mamaki, shi ke nan, domin babu makarantar da ake koyon aikin aljani. Idan kuwa inji ne, tambayoyi za su biyo baya. Wa ya ƙera shi? Da wane ƙarfe? Me yake sha? Yaya mutum yake numfashi a can? Duk abin da hannu ya ƙera, wani hannun zai iya koyo ya ƙera irinsa. Wannan shi ne jarin da ke cikin irin waɗannan labarai, kuma shi ne dalilin da ya sa na kawo maganar nan shafin 'yan kasuwa.

Dembo bai tsinci wannan tunani a ƙasa ba, zamaninsa ne ya cika da maganar sama. A watan Oktoban 1957, shekarar da Gana ta samu 'yancin kai, Rasha ta harba tauraron ɗan adam na farko mai suna Sputnik. A wannan shekarar ce kuma BBC ta buɗe sashen Hausa, don haka labarin yana isa har rumfar mai shayi cikin harshen da kowa yake ji. Ranar 12 ga Afrilun 1961 Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya zagaya duniya a cikin kumbo. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne ƙasar Hausa ma tana da hannu a wannan aiki. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta kafa tashoshi a wurare daban-daban na duniya don bin sawun kumbunanta da yin magana da matuƙansu, ɗaya daga cikinsu kuma a Kano take. Lokacin da John Glenn ya zagaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairun 1962, tashar Kano tana cikin masu saurarensa. A 1965 wata tauraruwa mai wutsiya ta fito, mai tsananin haske, har wasu suka gan ta da rana. Sai kuma ranar 20 ga Yulin 1969, shekarar da littafin ya fito, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka taka doron wata.

Ko sunan littafin ma akwai magana a cikinsa. A wurin kakanninmu, fitowar tauraruwa mai wutsiya alama ce ta abin tsoro, ko rasuwar wani babban sarki, ko yunwa, ko yaƙi. Ana ganinta a yi ta salati a shige ɗaki. Dembo ya ɗauki abin da ake gudu ya rubuta shi a bangon littafin yara, ya ce a fito a duba. Kuma ya yi hakan ne ana tsakiyar yaƙin basasar Najeriya, wanda aka fara a 1967 ba a gama ba sai 1970, lokacin da hankalin manya yake kan filin daga. Mun saba cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A wannan karon kam matashi ne ya ɗaga kai ya ga abin da manya ba su da sukunin dubawa.

Bai tsaya a nan ba. 'Yan shekaru bayan haka ya fitar da Wasannin Yara, inda ya tattara wasannin gargajiya na 'ya'yan Hausawa ya adana su a rubuce. Ka ga mutum ɗaya, ido guda yana kan taurari, ɗayan yana kan dandalin unguwa. Masu tsoron cewa duk yaron da ya shiga maganar kimiyya zai yar da al'adarsa, to ga amsa nan a aikace. Daga baya kuma rayuwa ta kai shi harkar gwamnati da siyasa, har ya riƙe muƙamin ƙaramin ministan man fetur a gwamnatin Janar Sani Abacha. Wani abin dariya, kamfanin man fetur na Najeriya da aka kafa a 1977 shi ma NNPC ake ce masa a taƙaice. Wato NNPC ta takarda ce ta fara fito da sunansa, NNPC ta mai kuma ta zo ta same shi yana minista. Duk uban da yake ganin rubuta labari aikin marar sana'a ne, sai ya ɗan tsaya a nan ya yi tunani.

Mu mutanen Zango, shekarar 1969 da wani abu daban muke tuna ta. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin Kofi Busia ta fitar da dokar da ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu, ko ya samo ta ko ya bar Gana. Dubun dubatar mutane suka ɗaure kaya, aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, aka raba 'yan uwa. Abin takaici mai kama da wasa, a Turanci kalma ɗaya ce ake kiran baƙon da ya sauko daga wata duniya da baƙon da ba ɗan ƙasa ba, kuma da wannan kalmar aka raɗa wa dokar suna. A shekarar da Dembo yake ba yara labarin baƙon da ya zo da abin mamaki, iyayenmu suna layin neman takarda ko neman motar gida. Wanda yake wannan hali ba zai tambayi wane sabon littafi ya fito a Zariya ba. Ina ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa sunan Dembo bai zauna a zangunanmu ba kamar yadda na Abubakar Imam ya zauna.

Ni kaina sai bayan 1983 littafin ya zo hannuna, lokacin da Najeriya ita ma ta kori baƙi, mutanenmu da yawa suka dawo. Wani kawuna ya dawo daga Kano da 'yan kayansa, a cikin akwatinsa akwai littattafan Hausa guda huɗu ko biyar, bangon wannan har ya yage. Ina da shekara goma sha uku, ban yi nisa a boko ba, amma da shi na koyi karanta Hausar boko, kawu yana gyara mini ƙ da ɗ da ɓ. Bayan na gama sai na addabi wani mai gyaran rediyo a unguwarmu da tambaya, har ya gaji ya ba ni tsohuwar rediyo ya ce in je in kwance ta. Ban zama injiniya ba, Allah bai nufa ba. Amma yau fitilun sola da batura nake sayarwa, kuma idan kaya suka lalace ina buɗewa in gyara, ba na zubarwa. Wannan ƙarfin halin buɗe abu a duba cikinsa, daga wancan littafi mai yagaggen bango na samo shi.

To me ya sa hanyar da Dembo ya share ba ta samu mabiya da yawa ba? A matsayina na ɗan kasuwa, amsar da na gani a kasuwa take. NNPC, wadda aka kafa a 1966, cinikinta ya dogara ne a kan makarantu da abin da gwamnati ta sa a manhaja. Da tattalin arzikin Najeriya ya durƙushe a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, bugu ya ja baya. Sai matasa suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu, abin da ake kira adabin kasuwar Kano. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka yi suna, wasu kuma suka kama labaran yaƙi da matsafa da aljanu. Wallahi sun yi aiki, don su suka sa matanmu da ƙannenmu karatun Hausa. Wanda ya buga littafi da kuɗinsa dole ya kawo abin da zai fita da wuri, ni ma ba na cika rumfa da kayan da za su kwana. Sai dai kowa ya san rumfar da take sayar da kaya iri ɗaya tak, ranar da mai saye ya nemi wani abu maƙwabci zai tura masa.

Kuma maƙwabtan suna nan suna ciniki. A nan Kumasi aka haifi Kojo Laing a 1946. Ya yi karatu a Jami'ar Gilasgo a ƙasar Sikotilan, ya dawo ya yi aikin gwamnati, daga baya ya riƙe makarantar da mahaifiyarsa ta kafa a Ankara, babban birnin ƙasar nan, yana yi yana rubutu, ya rasu a 2017. A 1988 ya fitar da Woman of the Aeroplanes, labarin wani ɓoyayyen gari a Gana da mutanensa suka hau jiragen sama suka tafi ƙulla hulɗa da wani gari a Sikotilan. A 1992 ya fitar da Major Gentl and the Achimota Wars, wanda ya ɗora labarinsa a shekarar 2020, shekarar da a lokacin take da nisa, yanzu kuma har mun wuce ta. Akwai kuma Nnedi Okorafor, wadda aka haifa a Amurka, iyayenta 'yan ƙabilar Ibo. A littafinta The Shadow Speaker na 2007 ta kai mai karatu ƙasar Nijar a shekarar 2070. Ka ji fa, Nijar ta gobe, amma da Turanci. Ba laifi ta yi ba, Allah ya ƙara mata basira. Tambayar tamu ce: idan jikokinmu suka nemi yadda aka hango gobensu da Hausa, littafi nawa za mu miƙa musu?

A lura da wani abu guda da ya haɗa Dembo da Laing. Dukansu suna da wani aikin da suke yi, rubutun ya tafi ne tare da shi. Mu ma a zangunan Gana muna da wannan gadon. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a ƙasar nan a 1934, malami ne kuma limami a tsakiyar fatake, ya yi rubutu da Hausa da Larabci a kan abubuwan da suka girgiza zamaninsa, har da zuwan Turawa. Kakanninmu da suke bin hanyar Gwanja da jakuna don sayen goro a Salaga sun san Gamzaki, sun san Kaza da 'Ya'yanta, da su suke gane lokacin tashi da sauyin yanayi. Duban sama da riƙon alƙalami duka ba baƙin abubuwa ba ne a gidan bafatake.

Yanzu mu dawo gida Oforikrom. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda muke ce wa Tek, a cikin ƙaramar hukumarmu take. Daga Anloga Junction kuɗin trotro kaɗan ne ya kai ka ƙofarta, daga Ayigya Zango ma da ƙafa ake zuwa. Yaranmu suna kai wa ɗalibanta waake da koko, suna gyara musu waya, suna ɗaukarsu a babur. Ina so in ga sun yawaita a cikin azuzuwan, suna zaune a kan kujera. Basira ba ta yi mana ƙaranci ba, duk wanda ya je Suame Magazine ya ga yadda yaranmu suke kwance injin mota su mayar ya sani. A 2017 wasu injiniyoyi matasa na jami'ar All Nations da ke Koforidua suka haɗa ɗan ƙaramin tauraron ɗan adam na farko na Gana, nauyinsa wajen kilo ɗaya, aka harba shi. 'Yan ƙasar nan ne, da wuta irin tamu mai ɗaukewa suka yi karatu. Abin da yake rage wa yaronmu shi ne ya taso yana ganin wannan duniyar da shi a cikinta. A fina-finan da yake kallo a waya, duk mai tuƙa kumbo Turanci yake yi, Hausa kuwa a wurinsa harshen ciniki ne da faɗan gida. Ga shi kuma Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ta sa a koyar a makarantunta, a nan Kumasi Twi ake koya masa. Idan mu ba mu koya masa karanta Hausa a gida ba, babu mai koya masa.

Na san wasu iyaye za su ce waɗannan labarai ƙarya ce, ɓata lokaci ne. Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba haka yake ba don ka yaudari mai saurare. Wanda ya ce ga ta nan ga ta nanku, shi da masu jinsa duk sun san Gizo bai taɓa auren Ƙoƙi a gaban liman ba, darasin ake nema. Ina yaro na sha jin dattawa suna musu cewa babu wanda ya je wata, zancen Turawa ne kawai. Sai ga shi a watan Yunin 1985 Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya shiga kumbon Discovery ya yi kwanaki yana zagaya duniya, ya dawo lafiya. Yau ga mu muna karɓar kuɗin kaya ta waya, muna bin motar kayanmu a taswira da taimakon tauraron ɗan adam, abin da in da an faɗa wa madugu a hanyar Salaga zai ce tatsuniya ce.

Saboda haka ga roƙona, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Duk mai zuwa Kano ko Zariya ko Kaduna sarin kaya, ya ware ɗan abu ya tambayi masu sayar da littattafan Hausa Tauraruwa Mai Wutsiya da Wasannin Yara, ya haɗo da Magana Jari Ce. Ba za su ƙara wa kaya nauyi ba. Idan an kawo, kada a jefa wa yaro a ce je ka karanta. A zauna bayan sallar isha'i, uwa ko uba ko yaya ya karanta shafi biyu ko uku da ƙarfi, sauran su saurara. Yaron da ya iya karanta Turanci, 'yan kwanaki kaɗan zai kama Hausar boko idan aka nuna masa haruffan nan masu ƙugiya. Idan ya tsayar da kai da tambayar da ta fi ƙarfinka, kada ka daka masa tsawa, ka ce gobe ya kai wa malaminsa ya dawo muku da amsa. Kuma 'ya'ya mata su zauna a gaba, don su ne za su karanta wa na bayansu.

Ga kuma aiki ga yaran da kansu. Tauraruwa mai wutsiya da ake kira Halley tana dawowa kusan duk shekara 76. An gan ta a 1986, masana sun lissafa za ta sake fitowa a 2061. Yawancinmu masu furfura ba ma sa ran ganinta, amma yaron da yake aji shida yanzu zai gan ta yana magidanci, in Allah ya ba shi rai. To kowane yaro ko yarinya ya rubuta shafi ɗaya da Hausa, ya faɗa mana yadda Oforikrom ko zangonsu zai kasance a daren da za ta fito. Me ake hawa zuwa Kejetia? Da me ake dafa tuwo? Wa yake ƙera kayan da ake sayarwa a rumfar babansa? Kada a damu da kuskuren rubutu, za mu gyara tare. A aiko wa mujallar nan, waɗanda suka fi armashi zan kawo su a wannan shafi in sha Allahu.

Allah ya saka wa Umaru Dembo da alheri a kan ƙofar da ya buɗe, ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a nemanmu.